Fita daga CEDEAO da tuwon mai garaji a Tabla

Nijar ba ta ƙera mota, amma mota tana ciyar da gidaje masu yawa. Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Balleyara da Tabla ta nufi Filinge, musamman ranar Lahadi da kasuwar Balleyara ke ci, zai gani da idonsa. Ga kamiyo shaƙe da tumaki da buhunan wake, karen mota a can saman kaya. Ga mai faci a gindin bishiya yana tsoma tuf cikin bahon ruwa don ya gano inda iska ke fita. Ga makanike ya baje injin tsohuwar Toyota a kan buhu, yaransa na wanke ƙusoshi da esans. Waɗannan su ne masana'antar motar wannan yanki, kuma duk abin da suke taɓawa, daga taya har fulogi, daga waje ya shigo. Shi ya sa zancen fita daga CEDEAO, wadda ƴan Najeriya ke kira ECOWAS, ya shafe su.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawo Janar Abdurahaman Tiani, ɗan Tukunus a nan ƙasar Filinge, ƙungiyar ta rufe wa Nijar iyakoki. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita, fitar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa daga ranar kuɗin duwan zai tashi a kan kowace mota. Ba haka lissafin yake ba. Yafe haraji tsakanin ƙasashen ƙungiyar ya shafi kayan da aka noma ko aka sarrafa a cikin yankin ne kawai. Tsohuwar motar da aka ƙera a Japan, ta gama aiki a Beljiyam, aka sauke ta a Kwatano, ba ta taɓa shiga wannan rangwame ba. Tun da can tana biyan duwan bisa jadawalin bai-ɗaya da aka fara aiki da shi a 2015, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Nijar kuma tana nan daram cikin UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa, tare da Benin da Togo da Kodibuwa. Harajin rabin ɗaya cikin ɗari da ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso ya sa wa kayan waje a watan Maris 2025 ma, daidai yake da wanda CEDEAO ke karɓa a da.

To ina tsadar ta fito? Daga hanya. Kwatano zuwa Yamai ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma ta nan mafi yawan kayanmu ke bi kafin a rufe iyakoki. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar gadar Gaya a rufe, ta ce saboda tsaro. Sai manyan motoci suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, a jere, da rakiyar sojoji. Direba kan yi makonni yana jiran ayari ya tashi. Kuɗin cinsa, da na mai, da ladan kasadar da ya ɗauka, duk a kan kaya ake ɗora su. Kafin kwalin kayan gyara ya bar kasuwar Yamai ya iso Tabla, ya sha ƙari a hannu uku ko huɗu, mai mota kuma makaniken da ke gabansa yake wa kallon ɓarawo.

Turawa sun ga irin wannan ta wata fuskar. Da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a Janairu 2020, masu ƙera motocinta sun fi kowa fargaba, domin yawancin motocinsu waje ake kai su, kuma Turai na karɓar 10 cikin ɗari a kan motar baƙo. An sasanta a Disamba 2020 cewa babu haraji, muddin kaso mai yawa na kayan motar daga ɓangarorin biyu ya fito. Duk da haka takardu sun ƙaru, masu jari suka yi ta jan ƙafa. Honda ta rufe masana'antarta ta Swindon a 2021, ma'aikata kusan 3,500 suka rasa aiki, ko da yake kamfanin ya ce ba fitar ce dalili ba.

Mu kuwa, inda gizo ke saƙa shi ne Najeriya da Gana, domin ba su cikin UEMOA. Yarjejeniyar CEDEAO ce ta ba shanunmu da wakenmu da albasarmu damar shiga can ba tare da duwan ba. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da hakan har sai an gama tattaunawa, wato aro ne, ba haƙƙi ba. Ranar da aka janye shi, falke zai rage abin da yake biyan makiyayi a Balleyara, lodi ya ragu, mai garaji ya ji a aljihunsa. Haka kuma idan haɗa motoci ya farfaɗo a Najeriya, kamar zamanin da Peugeot ta fara fitar da 504 a Kaduna a 1975, motar da ta cika sharaɗin zama ƴar gida za ta iya shiga Gana babu haraji, mu kuma a caje mu.

Kada dai a yi wa zama cikin ƙungiya kwalliyar da ba ta da ita. Muna ciki Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a 2017, dillalan Maraɗi da Ƙwanni suka ji jiki. Muna ciki ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ganina, wakilanmu da ke zaman tattaunawa su fara da abu biyu kafin komai: rubutacciyar yarjejeniya da Najeriya kan dabbobi da amfanin gona, da kuma gajeriyar hanya zuwa teku wadda direba zai bi ba tare da jiran ayari ba.