Jirgin Dakota Na Jidda: Inji Da Littafinsa

Mazauna Jidda, tun daga unguwar Sa'alaba a kudu har ya zuwa babban filin jirgin sama a arewa, sun saba da ƙugin manyan jiragen alhazai. Amma kaɗan ne daga cikinsu ke tuna cewa dukan wannan harka ta faro ne da jirgi guda ɗaya tak.

A ranar 14 ga Fabrairun 1945, Sarki Abdul'aziz ya gana da Shugaba Roosevelt na Amurka a cikin jirgin ruwan yaƙi mai suna Quincy, a mashigin Suez. Bayan ganawar, Roosevelt ya aiko masa da kyautar jirgin sama samfurin DC-3, wanda Ingilishi ke kira Dakota. Jirgin ya iso Jidda a wannan shekara, kuma da shi aka kafa harsashin kamfanin jiragen saman Saudiyya. Tsohon filin Kandara, inda irin waɗannan jirage suka riƙa sauka, ya ba da wuri ga sabon filin Sarki Abdul'aziz a 1981. A yau akwai Dakota mai lamba SA-R-1 a gidan tarihin Saƙr al-Jazira da ke Riyad.

To, mene ne ya sa masu tara kayan tarihi ke neman injinan waɗannan jirage ruwa a jallo? Akasarin Dakotan da aka ƙera domin Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da 10,000, suna ɗauke da inji biyu na kamfanin Pratt & Whitney, samfurin R-1830. Kowane inji yana da silinda 14, an jera su a da'ira biyu, bakwai bakwai, kuma iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Ƙarfinsa ya kai na doki 1,200. An ƙera irinsa fiye da 170,000, amma da yaƙi ya ƙare sai aka narkar da masu yawa a matsayin tsohon ƙarfe.

Sai dai mallakar inji rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin littafin gyara. Ga misali: idan irin wannan inji ya daɗe a tsaye, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa. Wanda ya tayar da shi haka nan, zai iya lanƙwasa ƙarfen da ke tura fistin, domin mai ba ya matsuwa kamar iska. Saboda haka ƙa'ida ita ce a fara juya farfela a hankali, a tabbatar babu abin da ya toshe. Littafin ne kuma ke faɗin tazarar bawul, da iyakar ƙarfin ɗaure kowane noti, da yadda za a kula da fulogi 28, biyu ga kowace silinda. Akwai kuma littafin tarihin injin, inda ake rubuta sa'o'in da ya yi yana aiki. Idan wannan ya ɓata, darajar injin takan faɗi warwas.

A gari irin Jidda akwai wata matsalar. Iskar Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri da laima. Gishiri na cin ƙarfe, laima na cin takarda. Don haka akan shafe cikin inji da man kariya, a toshe kafofinsa, littattafan kuwa a ɗauki hotonsu a adana cikin kwamfuta.

Makanikan da suka koyi wannan aiki a hannun mutanen zamanin yaƙi suna ta ƙarewa. Hausawa kan ce, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Duk wanda ya gaji irin waɗannan littattafai daga kakansa, ya daure ya nuna wa gidan adana kayan tarihi kafin gara ta riga shi.