Awon Tsaunuka: Aikin Haƙuri da Ba Ya Son Yankewa

Da yammacin ranar 28 ga Mayun 2025, tulin ƙanƙarar da ake kira Birch ya ɓalle daga tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, ya gangaro da duwatsu da laka, ya binne kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙauyen Blatten. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa. Sauran mazauna ƙauyen, su kimanin 300, tun kwana tara kafin nan hukuma ta kwashe su tare da shanunsu da tumakinsu, saboda masu sa ido sun ga dutsen da ke saman ƙanƙarar yana tsagewa, yana zuba mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Shekara huɗu kafin haka, a ranar 7 ga Fabrairun 2021, makamancin wannan ya auku a gundumar Chamoli da ke arewacin Indiya. Wani ɓangaren dutse da ƙanƙara ya rufto cikin kwari, ya zama ambaliyar laka, ya afka wa madatsun wutar lantarki biyu. Mutum fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu leburori. Babu wanda ya gargaɗe su. Daga baya ne masana suka koma kan tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, suka tarar tsagar dutsen ta yi shekaru tana buɗewa.

Abin da ya raba wuraren biyu shi ne sa ido na dogon lokaci, wato a auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru. Awon shekara guda ba ya faɗin komai, domin a kan tsauni bana na iya zuwa da dusar ƙanƙara mai yawa, baɗi kuma ta yi ƙaranci. Shi ya sa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya take ɗaukar shekara 30 a matsayin ma'aunin sanin yanayin da wuri ya saba da shi.

Aikin kansa ba shi da wani ado. Idan sanyi ya ƙare, ma'aikata kan hau su haƙa rami su auna dusar da ta taru. Sukan kuma huda ƙanƙarar su kafa sanduna, idan zafi ya wuce su dawo su ga iya tsawon sandar da ya fito fili, wanda shi ne abin da ya narke. Lissafi ne irin na littafin ɗan kasuwa: abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen shekara a ga riba aka ci ko uwar kuɗi aka taɓa. A kan ƙanƙarar Storglaciären ta arewacin Suwidin ana wannan lissafi ba fashi tun 1946. Tattara bayanan ƙanƙarar duniya kuwa ya faro tun 1894, kuma a yau wata cibiya a birnin Zurich ce ke riƙe da kundin. Da irin wannan kundi ne Suwizalan ta iya cewa a 2022 da 2023 kaɗai ta yi asarar kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta, ba wanda ya iya musa mata.

Ba ƙanƙara kaɗai ake bibiya ba. A kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, kimanin mita 3,400 sama da teku, inda iska ba ta gauraya da hayaƙin gari, Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon a 1958. A lokacin tana kusan kashi 315 cikin miliyan. Ta haura 400 a 2013, yanzu kuma ta wuce 420. Ko da dutsen ya yi aman wuta a 2022 ya yanke hanya da lantarki, sai aka kai na'urori dutsen Mauna Kea da ke kusa, don kada layin awon ya tsinke. Masana tsirrai su ma suna da nasu shirin, GLORIA, wanda ya fara a Turai a 2001. Sukan shata ƙananan filaye a ƙololuwar tsaunuka, su riƙa komawa bayan 'yan shekaru suna ƙirga abin da ya tsiro. Sun gano tsirran da ke son ɗumi suna hawa sama, masu son sanyi kuma wuri yana ƙure musu.

Matsalar ita ce wannan haƙuri bai wadaci duniya ba. Tashoshin auna yanayi sun fi yawa a kwari da gefen gari, suna raguwa yayin da ake hawa sama, kuma dogayen kundaye sun taru ne a Turai da Arewacin Amurka. Sai a 2019 aka kafa tashoshi kusa da ƙololuwar Everest, alhali tsaunukan Hindu Kush da Himalaya ne mafarin manyan koguna goma, mutum miliyan 240 na zaune a cikinsu, wasu fiye da biliyan ɗaya da rabi kuma na shan ruwansu a ƙasa.

Inda aka fara ma, riƙewa ke da wuya. A Kirgistan an auna ƙanƙarar Abramov tun ƙarshen shekarun 1960, sannan aikin ya tsaya a 1999, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet da rikicin da ya shafi yankin, sai a 2011 aka koma. A kan Dutsen Kenya, awon ƙanƙarar Lewis ya tsaya a 1996, ba a sake ɗauka ba sai a 2010, ga ƙanƙarar da ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinta daga 1934 zuwa 2010. A Kilimanjaro, wanda ya rasa kimanin kashi 85 cikin ɗari na faɗin ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007, sai a shekarar 2000 aka ɗora tashar yanayi a samansa. Tauraron ɗan'adam yana cike wani giɓin, amma hotonsa na buƙatar awon ƙasa da za a gwada shi da shi, kuma shekarar da ba a auna ba ta tafi ke nan.

Giɓin da ya fi kowanne girma shi ne na mutane. Ƙidayar jama'a takan bi iyakokin jiha ko gunduma, ta haɗa mutanen kan tudu da na kwari a jimla ɗaya, sai talaucin na sama ya ɓuya cikin matsakaicin lissafi. Da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware su, sai ta tarar a 2017 mutum miliyan 346, wato kusan rabin mazauna karkarar tsaunuka a ƙasashe masu tasowa, suna fuskantar barazanar ƙarancin abinci. A Nepal, ƙidayar 2021 ta nuna jama'a sun ragu a gundumomi fiye da 30 cikin 77, galibinsu na kan tudu, domin matasa sun tafi ci-rani. Wanda ya san yawan ƙanƙarar da ta narke amma bai san wa ya rage yana noma a ƙarƙashinta ba, rabin labari ya sani.

Yammacin Afirka ba shi da ƙanƙara, amma yana da nasa rabon. Kogin Neja daga tuddan Gini yake tasowa, Binuwai kuma daga tuddan Adamawa na Kamaru. A tuddan arewa maso yammacin Kamaru ne tafkin Nyos ya fitar da iskar kabon a daren 21 ga Agustan 1986, ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Daga nan aka fara auna iskar da ke taruwa a ƙasan tafkin, aka saka bututun rage ta a 2001, aka ƙara biyu a 2011. A kurmin Ngel Nyaki da ke Mambila a jihar Taraba, masu bincike sun shata hekta 20 tun 2014, suka liƙa wa kowace bishiya lamba don a riƙa komawa ana auna ta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Disamba a matsayin ranar tsaunuka, ta kuma ayyana 2025 shekarar kare ƙanƙarar tsaunuka. Sai dai yawancin kuɗin bincike na shekara uku zuwa biyar ne, aikin kuwa na shekara 30 ne zuwa sama. Muddin gwamnatoci ba su saka albashin mai karanta sanda da kuɗin gyaran na'ura cikin kasafinsu na kowace shekara ba, tashoshin da ake buɗewa da biki za su ci gaba da mutuwa da zarar tallafin waje ya ƙare.