Kwanon Inna da mujallun masana

Inna ba ta zuwa awo sai da kwanonta. Wani tsohon kwanon sha ne mai ruwan ɗorawa, bakinsa ya ɗan ɓantare, kuma ta san cikakken mudu yana cika shi sau biyu. Idan mun dawo daga kasuwa, tun kafin ta cire mayafi za ta shimfiɗa tabarma, ta juye geron a faifai, ta sake aunawa. Sannan ta damƙi hannu guda ta hura, ta ga yawan ƙaiƙayin da ya tashi, ta bi da yatsa tana laluben tsakuwa. Abu biyu take dubawa, kuma ba ta taɓa haɗa su ba: girman mudu daban, tsabtar hatsi daban. Akwai matar da mudunta ƙarami ne, kowa ya sani, ita ma ba ta ɓoyewa, amma geronta tas. Inna ta fi shekara goma tana awo a wurinta. Wanda ta daina gaisawa da shi shi ne mai ƙaton mudu da aka buge gindinsa ta ciki.

Wannan kwano na tuna ranar da ɗan ƙanwata, da ke rubutun kammala digiri a fannin siyasa, ya zo min da wayarsa. "Kawu, wannan African Affairs ɗin abin dogaro ce? Ba ruwanta da son rai, ko?"

Na ce masa tambaya biyu ya yi, ya ɗauka guda ce.

Mujallar tana da tarihi. A 1901 ta fara fitowa a Landan, a hannun ƙungiyar da yau ake kira Royal African Society, wadda aka kafa don tunawa da Mary Kingsley. Shekara biyu ke nan kafin sojojin Lugga su shiga Kano da Sakkwato. A wancan zamani jami'an mulkin mallaka na cikin masu cika shafukanta, kuma da idon mai mulki suke kallon mutanen da suke rubutu a kansu. Sai a 1944 ta ɗauki sunan da take amfani da shi yanzu. Yau madaba'ar Jami'ar Oxford ke buga ta, kuma maƙala ba ta shiga sai masana sun tantance ta ba tare da sanin marubucinta ba. Wannan tantancewa ita ce bakace. Tana fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, amma ba ta canja girman mudu.

Girman mudu shi ne wace tambaya aka ga ta cancanci a yi, wa aka ba dama ya amsa, wace kalma aka zaɓa. Wani ya ce "gyaran tattalin arziki", wani ya ce "tsuke bakin aljihun talaka", alhali abu guda suke nufi. A 2016 Ryan Briggs da Scott Weathers suka auna maƙalolin African Affairs da na Journal of Modern African Studies daga 1993 zuwa 2013, suka tarar kason marubutan da ke zaune a Afirka raguwa ya yi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin malamin da ke Zariya ko Yamai yana ganin abin da mai zuwa bincike na wata uku ba zai gani ba. Sai dai a shafukan African Affairs ɗin aka buga wannan bincike, kuma na girmama ta saboda haka. Mai awon da ya miƙo mudunsa ya ce a gwada, ya cancanci a sake komawa wurinsa.

Ga kuma Review of African Political Economy, da aka kafa a 1974. Tun ranar farko ta faɗi ɓangarenta: na ma'aikata da manoma, da adawa da jari-hujja. Cikin waɗanda suka assasa ta har da Ruth First, wadda jami'an gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kashe da bam ɗin wasiƙa a Maputo a 1982. Wannan mujalla ita ce matar nan mai sanannen mudu. Idan ta yi rubutu kan bashin IMF na san inda za ta karkata, don haka na san yadda zan karanta. Alƙalumanta kuwa ina auna su kamar na kowa.

Bakacen ma yakan jawo rigima. A 2017 Third World Quarterly ta buga maƙalar Bruce Gilley mai kare mulkin mallaka. Mutum 15 na kwamitin editocinta suka ajiye aiki, suna cewa an tsallake ƙa'idar tantancewa. Daga baya aka janye maƙalar, bayan an yi wa editan barazana.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, mene ne kwanona?"

Na karɓi wayar na gangara ƙasan shafin wata maƙala, inda ƙananan rubutun nan suke, waɗanda ɗalibai ke tsallakewa. Na ce ya zaɓi uku daga cikin madogaran, ya nemo su, ya ga ko abin da aka ce sun faɗa shi suka faɗa. Ya duba wa ya biya kuɗin binciken, wane harshe marubucin ya yi hira da shi, da tafinta ko da bakinsa, mutum nawa, a birni ko a ƙauye. Sannan ya nemo maƙala kan batu guda a Africa Development, mujallar CODESRIA da ke Dakar, ya jera su gefe da gefe, ya lura da abin da ɗaya ta ambata ɗayar ta yi shiru a kai.

Ya ciro biro ya rubuta sunayen mujallun a bayan takardar jarrabawa. Ranar Asabar ya ce zai dawo da madogaran, mu zauna a zaure mu bi su ɗaya bayan ɗaya.