Katin Takubba Tara Da Masu Kwana Zaune

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujada a nan Gwangwan, wata yarinya daga cikin matasanmu ta nuna mana wani hoto a wayarta. Mutum ne zaune a kan gado cikin dare, ya rufe fuska da hannu biyu, ga takubba tara a jere a baƙin bango bayansa. Wata mai duba a intanet ce ta zaɓo mata shi, ta ce wai masifa na tafe. Yarinyar ta tambaye mu ko gaskiya ne.

Jama'a, wannan hoto ɗaya ne daga cikin kati 78 da Turawa ke kira tarot. A arewacin Italiya aka fara su a ƙarni na 15, kuma don wasan karta kawai aka yi su. Sai wajen shekarar 1781 wasu a Faransa suka fara cewa akwai asiri a cikinsu. Hoton da muka gani kuwa, wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana shi, aka buga a Landan a 1909. Masu duba suna cewa katin yana nufin fargaba da mugun mafarki da tsoron da ya ƙi barin zuciya.

Duba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Karaye da Rogo. Kakanninmu sun san bugun ƙasa da zuba wuri da hawan bori. Abin da ya sake shi ne, da can mutum kan taka zuwa gidan boka, yanzu kuwa bokan yana cikin aljihu. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana mu duba kowane iri. Mu kuma tuna da Sarki Saul a Sama'ila na fari sura 28. Tsoro ne ya kai shi wurin mabiyar Endor, ya fito da tsoron da ya fi na da, har ya faɗi ƙasa.

Amma da muka zauna da yarinyar, sai muka gane rashin barcinta ya riga katin. Tun bara da 'yan fashi suka tare motarsu a hanya take zabura da dare. Katin bai san gobenta ba, abin da ya riga ya wuce ne ke cinta. Ku lura da hoton da kyau: babu mai riƙe da takubban nan, ba a kuma ga jini a jikin mutumin ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Irinta suna da yawa a majami'unmu. Akwai waɗanda suka ga rikicin Kano na Oktoba 1991, da waɗanda suka tsira daga hare-haren 20 ga Janairu 2012, har yau ƙarar ƙofa tana sa gabansu faɗuwa. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana da magani. In mafarkin da zaburar sun wuce wata guda, a kai mutum asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai kuma sashen masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba.

Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, Ubangiji bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, daga baya aka yi masa magana. Dattawa da zumuntar mata, mu bi wannan hanya. Mu ziyarci mai kwana zaune, mu saurare shi ba tare da gaggawar wa'azi ba, mu yi addu'a tare, mu raka shi wurin likita. Yarinyar nan ta goge hoton daga wayarta, yanzu a ɗakin gwaggonta take kwana. Mu riƙa tunawa da ita cikin addu'a.