Rana da Inuwa a Rayuwar Tsire-tsire Masu Ajiyar Ruwa

Gabatarwa

Akwai wani rukunin tsire-tsire da suke tara ruwa a ganye ko a kara ko a saiwa domin su jure wa fari. Bahaushe bai haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya ba, amma ya san su ɗai-ɗai: tinya da ƙerana da aguwa da kariya da zabuwa da moda da karan masallaci. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda, har ma sunan da masana suka raɗa wa karan masallaci yana ɗauke da sunansa. A yau mutane da yawa suna dasa irin waɗannan a tukwane domin ƙawata gida, sai dai sau tari suna lalacewa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa haske ne kan gaba wajen rayuwarsu, kuma ba dukkansu ne suke son rana daidai wa daida ba.

Dalilin bukatar haske

Kowane tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu su shaƙi iskar da suke bukata, ruwa kuwa yana ta fita ta nan. Da yawa daga cikin masu ajiyar ruwa sun saɓa wa wannan. Da dare suke buɗe ƙofofin, su adana iskar a jikinsu cikin wani ruwa mai tsami, sa'an nan idan gari ya waye su rufe, su sarrafa ta da hasken rana. Watau dabarar tsimin ruwa ce, amma ba ta cika sai da wadataccen haske. Wanda ya ajiye su a duhu ya hana su cin abin da suka kwana suna tarawa.

Kowane tsiro da mazauninsa

Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda yake son sanin hasken da tsiro yake bukata, to ya dubi inda yake fitowa a daji. Aguwa, wadda manoman Sakkwato da Katsina da kudancin Nijar suke shinge da ita a gefen gonaki da burtali, a fili take wuni. Haka tinya a kan duwatsu, haka kuma kariya, wadda takan yi jan fure da rani bayan ta zubar da ganye. Waɗannan suna bukatar rana ta kamar awa 6 ko fiye a kullum, kuma kariyar da aka tsare a inuwa da wuya ta yi fure.

Zabuwa a tsakiya take. Tana son haske sosai, amma ita da 'yar uwarta alobera sun fi sakewa idan suka sami ranar safe da inuwar la'asar. Moda kuwa, wadda maharba suke murza tsarkiya da zarenta, a gindin itatuwa aka fi samun ta, don haka ta fi saura haƙuri da zaman ɗaki.

A cikin ɗaki

Ido yana ruɗin mutum game da haske. Bisa ma'aunin da ake kira lakis, tsakar rana a fili takan kai kimanin 100,000, amma tsakiyar ɗaki ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga bai dace da su ba sam. A gidan zamani ma sai a dab da taga, domin haske yana raguwa ƙwarai da zarar an ja baya taku biyu.

Littattafan Turai sukan ce a zaɓi tagar kudu. Wannan shawara ta ƙasarsu ce, inda rana take ratsawa ƙasa-ƙasa ta kudu. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, a tsakanin nan kuwa ta arewa take karkata. Saboda haka tagar kudu da ɗari take samun rana, da bazara da farkon damina sai ta rasa. Tagar gabas ko barandar da ke kallon gabas ita ce ba ta yankewa duk shekara. A riƙa juya tukunya kowane mako don kada tsiron ya karkace.

A tsakar gida

A waje matsalar ita ce ƙuna. Tsiron da ya saba da inuwa, idan aka fitar da shi farat ɗaya cikin ranar Maris ko Afrilu, ganyensa yakan yi tabo fari ko ƙasa-ƙasa, tabon kuwa ba ya warkewa. Sai a bi sannu, a fara da awa ɗaya ko biyu na safe, a riƙa ƙarawa har mako 2. A kuma nisanta tukunya daga bangon yamma da daɓen siminti, domin suna mayar da zafi. Tinya da ƙerana da kariya duk suna da ruwa mai dafi, na tinya yana iya makantarwa, don haka ranar da za a nema musu ta kasance inda yara ba sa kaiwa.

Kammalawa

Jikin tsiron shi ne yake ba da labari. Idan ya yi zaƙwal, ya kwashe, ganyensa suka yi nesa da juna, haske yake nema. Idan ya yi ɗan ja-ja, hasken ya kai iyakar abin da yake so. Idan tabo ya fito, ya yi yawa. Daga ƙarshe, a tuna cewa ban ruwa yana bin haske ne: wanda yake inuwa ba ya shan ruwa da sauri, idan aka yawaita masa sai saiwarsa ta ruɓe. Don haka kafin mai gida ya ɗauko buta, ya fara duban inda ya ajiye tukunyar.