Makarantar 'yan Koriya da ta zama zakara a Japan

A ranar 23 ga watan Agustan 2024 ne makarantar sakandare ta Kyoto Kokusai ta lashe gasar Koshien, babbar gasar wasan besbol ta makarantun Japan, bayan da ta doke Kanto Daiichi da ci 2 da 1.

'Yan asalin Koriya mazauna birnin Kyoto ne suka kafa makarantar a shekarar 1947, domin kada 'ya'yansu su manta da harshensu.

Da tafiya ta yi nisa sai ɗalibai suka yi ƙaranci, har aka shiga fargabar rufe ta. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar besbol a 1999 don jawo yara, sai dai a wasanta na farko an lallasa ta da ci 34 da nema.

A 2003 hukumomin Japan suka amince da ita a matsayin cikakkiyar makaranta, kuma a 2004 ta ɗauki sunan da take amsawa. Tana bin manhajar karatun Japan, tare da koyar da harsunan Koriyanci da Turanci.

Lokacin da ta ci kofin, akasarin 'yan wasanta Japanawa ne, amma da Koriyanci suka rera taken makarantar. Taken ya sha janyo mata suka, saboda yana kiran tekun da ke tsakanin ƙasashen biyu da sunan da Koriya ke kiransa.