Cutar mantuwa da binciken Dokta Maina

A Gaya, kamar a Kamba da Malanville, idan tsoho ya fara manta sunayen jikokinsa, sai a ce tsufa ne ya kama shi, wasu ma su ɗora wa iskoki. Sau da yawa kuwa cutar Alzheimer ce, wadda ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe da ke bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya duƙufa kan wani sinadari mai suna tau, wanda ke da alaƙa da wannan cuta. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa tau yana tallafe ƙwayar jijiya. Idan ya lalace sai ya cukurkuɗe, ƙwayar ta mutu.

 Ban da aikinsa kan tau, a 2021 Maina da abokan aikinsa sun tantance maƙalu 5,219 na masana ƙwaƙwalwa a Afirka, daga 1996 zuwa 2017. Masar, Afirka ta Kudu da Najeriya ne kan gaba a yawan maƙalun.

Mai karatu, idan mantuwar dattijonku ta wuce kima, a kai shi asibiti.